Kwana nawa ne na afil? Amsoshin wasiƙunku kan shari'ar fili, gado da bashi

Yawancin wasiƙun da suka shigo filin shari'a a wannan karo kan abu guda suke: an yanke wa mutum hukunci, bai gamsu ba, yana son ɗaukaka ƙara, wato afil, amma bai san iyakar lokacin da doka ta ba shi ba. Lauyoyin filin sun zaɓi waɗannan, duk kan shari'un haƙƙoƙi, wato waɗanda ba na laifi ba. Mun sakaya sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba.

Tambaya: Babbar Kotun Jiha a nan Bauchi ta yanke hukunci kan filina da ke Fadaman Mada, ta ba abokin shari'ata gaskiya. An ce ina da kwana 90. Yanzu sati uku ke nan ina zarya rajista ban samu kwafin hukuncin ba. Shin lissafin zai fara ne daga ranar da kwafin ya shigo hannuna? Daga wani ma'aikaci mai ritaya, Bauchi.

Amsa: Baba, gyara biyu ne a tambayarka, kuma kowannensu ya isa ya rufe maka ƙofa. Na farko, lissafi ya fara tun ranar da alƙali ya karanta hukunci a zauren kotu. Ko ka samu kwafi ko ba ka samu ba, sati ukun nan da ka yi kana zarya sun riga sun fita daga cikin wa'adinka.

Na biyu, ba kwana 90 ba ne. Sashe na 24 na Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya ce wata uku ne ga hukuncin ƙarshe a shari'ar haƙƙi. Kwana 90 na shari'ar laifi ne, daga can mutane suka ɗauko shi. Wata kuwa a idon doka watan kalandar Miladiyya ne, ba na Hijira ba, ba kuma dunƙulen kwana talatin-talatin ba. Ranar da aka yi hukuncin ba ta shiga lissafi, daga washegari ake farawa. Saboda haka wanda aka yanke wa hukunci ranar 10 ga Maris, ranarsa ta ƙarshe ita ce 10 ga Yuni, kwana 92 ke nan. Amma wanda aka yanke wa ranar 5 ga Fabrairu, a shekarar da Fabrairu ke da kwana 28, wa'adinsa ya ƙare 5 ga Mayu, kwana 89 kacal. Idan ya zauna yana ƙirga 90, zai iso rajista ranar 6 ga wata, ya makara da kwana guda. Kotun Ƙoli ta zaunar da wannan salon lissafi tun 1985 a shari'ar Akeredolu da Akinremi, inda aka yi hukunci ranar 10 ga Afrilu, aka shigar da sanarwa ranar 10 ga Yuli, kotu ta ce an shiga cikin lokaci.

Idan ranar ƙarshe ta faɗo Lahadi ko ranar hutun gwamnati, kamar hutun Sallah ko na Maulidi, dokar fassarar dokoki ta ce a tsallaka zuwa rana ta gaba da ba hutu ba. Sai dai a lura, Asabar ba ta cikin abin da wannan doka ta kira hutu. Wanda wa'adinsa zai cika Asabar ya ɗauka Juma'a ce ranarsa ta ƙarshe, kuma da safe, domin kowa ya san yadda ofisoshi ke watsewa idan lokacin masallaci ya gabato. Hutun shekara na alƙalai ma ba ya tsayar da waɗannan watanni uku, rajista tana aiki a cikinsa.

Game da kwafin, sashe na 294 na kundin tsarin mulki ya wajabta wa kotu ta ba ɓangarorin shari'a kwafin hukunci cikin kwana 7 da yanke shi. A aikace sau da yawa ya kan wuce haka. Ka rubuta takardar nema, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafinka, ka adana. Amma kada ka jira. Tunda Babbar Kotu ce ta fara jin shari'ar kuma hukuncin ƙarshe ne, ba ka buƙatar izinin kowa. Lauyanka na iya shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara da abin da ya rubuta lokacin da ake karanta hukuncin, ko da dalili ɗaya ne ingantacce, misali cewa hukuncin ya saɓa wa nauyin shaidar da aka gabatar. In kwafi ya fito, sai ya nemi izinin ƙara dalilai.

Sanarwar a rajistar Babbar Kotun da ta yi hukunci ake shigar da ita, a nan Bauchi, ba a Jos ba, ko da yake a reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Jos za a saurari ƙarar. Dole ta nuna ko hukuncin duka kake ƙalubalanta ko wani ɓangare, da dalilanka, da abin da kake roƙon kotu ta yi, da sunaye da adireshin duk wanda abin ya shafa. Kai ko lauyanka ne zai sa hannu, kuma lauya da sunansa na kansa. Tun hukuncin Okafor da Nweke a 2007, takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi kawai ba ta da ƙima, kuma yawanci ba a gano wannan sai bayan shekaru, lokacin da wa'adi ya daɗe da wucewa. Sannan miƙa takarda ga magatakarda ba shi ne shigarwa ba. Sai an ƙiyasta kuɗin, ka biya, an ba ka rasit mai kwanan wata. Wannan rasit shi ne shaidarka idan wata rana aka ce ka makara.

Tambaya: Kotun shari'ar Musulunci ta raba gadon mahaifinmu, ta sanya gidan da ya ba ni tun yana raye cikin kayan gado. Na so in yi afil, sai kawunnanmu suka ce in dakata za su zaunar da mu. Yau kwana 19, ba a zauna ba. Daga wata uwargida, Azare.

Amsa: Hajiya, saura miki kwana 11. Daga kotun shari'a ta ƙasa zuwa babbar kotun shari'a kwana 30 ne, haka daga babbar kotun shari'a zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, haka kuma daga kotun majistare zuwa Babbar Kotun Jiha. Shi ya sa za ki ji alƙali ya rufe hukunci da cewa wanda bai gamsu ba yana da kwana talatin. A nan kwanaki ake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, har da Asabar da Lahadin da ke tsakiya. Hukuncin 4 ga Agusta, wa'adinsa 3 ga Satumba ne, ba 4 ba.

Sulhu alheri ne, kuma tsakanin 'yan'uwa na jini ya fi kowane hukunci. Ba mu ce ki bijire wa kawunnanki ba. Amma kotu ba ta san da zaman da suke shiryawa ba, kuma maganar sulhu ba ta tsayar da kwana ko ɗaya. Mun fi jin takaicin irin wannan makara fiye da kowace, domin mai ita ladabi ne ya sa ta jira. Wani lokaci ma wanda hukunci ya yi wa daɗi shi ke ta ɗaga zaman, yau tafiya gobe rashin lafiya, har kwana talatin su cika, sannan ya ce ai kotu ta riga ta gama magana.

Ki shigar da afil ɗinki yanzu, ki biya, ki karɓi rasit, sannan ki je wa manya da girmamawa ki ce kin yi ne don kada lokaci ya ƙure, kuma a shirye kike ki janye ranar da aka daidaita. Janyewa abu ne mai sauƙi. In an daidaita, a rubuta yarjejeniyar, kowa ya sa hannu, a kai kotun da afil ɗin yake ta mayar da ita hukunci. Tun yanzu kuma ki fara tattara hujjar kyautar: waɗanda suka shaida lokacin da ya ba ki, da abin da ke nuna kin karɓi gidan ya shiga hannunki yana raye, domin a mazhabar Malikiyya a kan wannan karɓa ake yawan kayar da masu da'awar kyauta.

Tambaya: Ni da maƙwabcina mun yi shari'ar iyakar gona, babbar kotun shari'a ta ba shi. Wasu sun ce in kai wa Alƙalin Alƙalai, wasu sun ce Babbar Kotun Jiha. Ba duk ɗaya ba ne? Daga wani manomi, Ningi.

Amsa: Malam, ba ɗaya ba ne, kuma kuskure a nan ya fi makarar kwana biyu tsada. Sashe na 277 na kundin tsarin mulki ya iyakance hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda Alƙalin Alƙalai ke shugabanta, ga al'amuran iyali na Musulunci: aure da rabuwarsa, riƙon yara da waliccinsu, gado, wasiyya, kyauta, wakafi da makamantansu. Rigimar mallakar gona ko iyaka tsakanin mutum biyu da ba gado suke rabawa ba, ba ta ciki, ko da dukansu Musulmi ne, ko da da shari'ar Musulunci aka yi musu hukunci tun farko. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Magaji da Matari a 2000. Irin taka Babbar Kotun Jiha take zuwa, cikin kwana 30.

Ga yadda abin ke lalacewa. Mutum ya kai ƙarar gona inda ba hurumi, a saurara, har ya yi nasara. Abokin shari'a ya wuce Jos, bayan shekaru kotun can ta ce wadda ta ba shi nasara ba ta da hurumi tun asali, ta rushe komai. Hukuncin farko ya dawo daram, kwana talatin ɗin zuwa kotun da ta dace sun wuce tuntuni, sai dai ya koma roƙon ƙarin lokaci.

Ma'aunin shi ne abin da mai ƙara ya faɗa a kotun farko. Idan ya ce gonar mahaifinmu ce a raba mana, gado ne. Idan ya ce gonata ce wane ya shigar mini, mallaka ce, ko da ya ƙara da cewa gadonta ya yi. Ka karɓi kwafin shari'ar, a duba da'awar da aka rubuta a shafin farko kafin a zaɓi kotu. Ka kuma sani, in Babbar Kotu ta saurari afil ɗinka ba ka gamsu ba, zuwa Jos wata uku ne, amma a wannan karon sai da izini, sai fa idan dalilinka na tsantsar doka ne.

Tambaya: Ana shari'ar shagona a Babbar Kotu. Alƙali ya ba da umarnin kada in taɓa ginin har a gama shari'a, sannan ya ƙi roƙon lauyana na gyara takardar kariyarmu. Lauya ya ce kwana 14 kawai muke da su. Ni na san wata uku ne. Ko so yake ya gaggauta karɓar kuɗi? Daga wani ɗan kasuwa, Wunti.

Amsa: Alhaji, lauyanka gaskiya ya gaya maka. Wata uku na hukuncin ƙarshe ne. Abin da aka yi maka ƙwarya-ƙwaryar hukunci ne, wanda ake yi ana tsakiyar shari'a, wa'adinsa kwana 14 a ƙarƙashin sashe na 24 ɗin nan. Hukuncin ranar Litinin 2 ga wata, ranar ƙarshe Litinin 16 ga wata.

Bambance su ba koyaushe yake da sauƙi ba, har manyan lauyoyi na tuntuɓe a kai. Ma'aunin da Kotun Ƙoli ta bi a shari'ar Akinsanya da bankin UBA a 1986 shi ne a dubi umarnin da aka bayar: ya gama da haƙƙin ɓangarorin har ba abin da ya rage su dawo yi a gaban wannan kotu, ko kuwa akwai saura? Idan alƙali ya ce ba shi da hurumi ya kori ƙara, wannan na ƙarshe ne ko da ba a kira shaida ko ɗaya ba. Idan ya ce yana da hurumi a ci gaba, a ɗauke shi na kwana 14. Shawararmu a duk inda aka yi shakka: a shigar cikin kwana 14. Ba a taɓa korar ƙara don an shigar da ita da wuri cikin wa'adi ba.

Umarni biyun da aka ba ka kuma ba hanyarsu ɗaya ba. Na hana taɓa gini, sashe na 241 na kundin tsarin mulki ya ba ka damar ɗaukaka ƙara kai tsaye, domin ya ambaci bayarwa ko hana irin wannan umarni. Na ƙin gyara takarda kuwa ya dogara ga yadda alƙali ya auna al'amura ya ga dama, don haka dalilinka zai zama gauraye, doka da abin da ya faru, kuma irin wannan sai da izini bisa sashe na 242. Tarkon yana nan: neman izinin, da samunsa, da shigar da sanarwar, duk cikin kwana 14 ɗin ake so su kammala. Babbar Kotu ba ta da ikon ƙara maka ko yini guda, kuma izinin da ta bayar bayan wa'adi ya cika ba ya aiki. Idan ta saurara ta ƙi, doka ta ba ka ƙarin kwana 15 daga ranar ƙin ka nemi izinin a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Idan kuma kwanakin suka ƙare ba a saurari roƙon ba, wanda shi ya fi yawa, sai a tafi Jos da roƙo uku a takarda ɗaya: ƙarin lokacin neman izini, izinin kansa, da ƙarin lokacin shigar da sanarwa. In aka manta ɗaya daga cikin ukun, roƙon ya faɗi.

Bayan duk wannan, ka zauna da lauyanka ku auna ko tafiyar ta cancanta. Afil kan ƙwarya-ƙwaryar hukunci na iya cin shekaru, asalin shari'ar shago tana jiran sa. Sau da yawa ya fi a daure a gama shari'ar, in an faɗi a haɗa ƙorafin da na hukuncin ƙarshe, tare da neman izini da ƙarin lokaci a kan wancan ɓangaren. A ganinmu, sai umarnin da zai yi ɓarnar da ba ta gyaruwa ne ya cancanci a bi shi nan take.

Tambaya: An yanke mini hukuncin biyan bashi a Babbar Kotu wata biyar da suka wuce. Ina kwance a asibiti lokacin, na yi wata biyu, bayan na fito kuma ba ni da kuɗin lauya. Shike nan na rasa? Daga wani direba, Misau.

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi, Malam. Ba ka rasa ba, amma abin da yake haƙƙinka a da, yanzu ya koma roƙo, kotu na iya bayarwa tana iya hanawa. Roƙon ƙarin lokaci Kotun Ɗaukaka Ƙara ake kai wa, a Jos, ba kotun da ta yi hukunci ba. Dokokin kotun sun ɗora maka sharaɗi biyu, kuma tare ake son su: dalili mai ƙarfi da ya hana ka shigarwa cikin lokaci, da dalilan afil waɗanda da ganinsu akwai abin saurare a ciki. Ba a ce ka nuna lallai za ka yi nasara ba, a dai ga akwai magana.

Takardun da za a haɗa su ne takardar roƙo, takardar rantsuwa, kwafin hukunci mai hatimin kotu, sanarwar afil da kake son shigarwa, da rubutaccen bayanin lauya. Takardar rantsuwar ita ce zuciyar aikin, kuma a nan mutane ke sakaci. Cewa ba ni da lafiya kawai ba ya isa. A rubuta ranar da aka kwantar da kai, da ranar sallama, a liƙa katin asibiti da rahoton likita. Tun 1982, a shari'ar Williams da ƙungiyar Hope Rising, Kotun Ƙoli ta ce wanda bai ajiye wa kotu hujjar da za ta dogara da ita ba, kada ya sa ran sassauci.

Ga inda taka ke da rauni, gara ka ji daga gare mu. Ka yi wata biyu a kwance, wa'adi wata uku ne, ke nan ka fito da sauran wata guda a hannunka. Lauyan ɗaya ɓangaren a kan wannan watan zai tsaya. Dole rantsuwarka ta bayyana shi: ko likita ya hana ka zirga-zirga, ko ba ka san an yi hukunci ba sai daga baya, da ranar da ka sani da yadda ka sani. Rashin kuɗi shi kaɗai ba kasafai kotu ke karɓarsa ba, rashin sanin doka kuwa ba uzuri ba ne. Abin da ta fi saurara shi ne rashin lafiya mai takarda, kuskuren lauya na gaskiya kamar ɓatan lissafin kwanaki, rashin sanar da mutum ranar hukunci, ko rufe kotuna kamar yajin aikin ma'aikatan shari'a na 2021 da ya ɗauki daga Afrilu zuwa Yuni. Idan kuma akwai ƙwaƙƙwarar magana cewa kotun ba ta da hurumi, ko ba a taɓa kai maka sammaci ba, kotu kan sassauta kan tsawon jinkirin. Wanda ba a kai wa sammaci ba ma yana iya komawa kotun da ta yi hukuncin ya nemi ta soke shi da kanta.

Kada ka ƙara ko mako guda, domin kowace rana daga yau sai ka ba da bayaninta. Game da kuɗin lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa tana da ofishi a Bauchi, ka je da takardunka a duba ko ka cika sharuɗɗansu.

Tambaya: Na shigar da afil cikin lokaci, ina da rasit. Sai ga ma'aikatan kotu sun zo sun rubuta motata da injin niƙana za a yi gwanjo. Ba afil ya tsayar da komai ba? Daga Dass.

Amsa: Bai tsayar ba. Sashe na 17 na Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya faɗa ƙarara cewa ɗaukaka ƙara ba ta dakatar da zartar da hukunci. Wanda ya yi nasara ba sai ya jira watanninka uku ba. A ƙa'idojin zartar da hukunci, bayan kwana 3 yana iya neman takardar kama kaya, a hukuncin fili ko gida kuwa bayan kwana 14 idan kotu ba ta sa ranar tashi ba.

Dakatarwa roƙo ne daban, kuma ya kamata a shigar da shi rana ɗaya da sanarwar afil. Ana fara kai shi kotun da ta yi hukunci, in ta ƙi a wuce ta sama, in kuma kundin shari'a, wato tarin takardun shari'ar da kotun ƙasa ke aikawa, ya riga ya isa can, to can za a nema kai tsaye. Sai ka nuna wani dalili na musamman, misali cewa in aka sayar da injin sana'arka ta mutu, ko wanda zai karɓi kuɗin ba zai iya mayarwa ba in ka yi nasara. A hukuncin kuɗi, abin da aka fi samu shi ne dakatarwa da sharaɗi: ka ajiye kuɗin a hannun kotu, a sa a asusu mai riba, wanda ya ci a ƙarshe ya ɗauka. Ka sa lauya ya shigar gobe, ya tabbatar an kai kwafi ga ɗaya ɓangaren da ofishin masu zartar da hukunci, da shaidar karɓa. Bayan an buga gwanjo, dawo da kaya wata shari'a ce sabuwa.

Tambaya: Mun shigar da sanarwa wata bakwai da suka wuce, tun daga nan shiru. Lauya ya ce jiran kira muke. Daga wata malamar makaranta, Gombe.

Amsa: Malama, ba a kiran ƙarar da kundinta bai iso ba. Ku 'yan Gombe tun 2020 kuna da reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara a gida, don haka bincikawa ba wuya. A dokokin kotun na 2021, magatakardar kotun ƙasa yana da kwana 60 daga shigar da sanarwa ya haɗa kundin shari'a ya aika. In bai yi ba, nauyin ya dawo kanki, kwana 30. Daga samun kundi lauyanki yana da kwana 45 ya shigar da rubutacciyar hujjarsa, ɗaya ɓangaren kwana 30, martani kwana 14. Wata bakwai ya wuce 60 da 30 nesa ba kusa ba. Ki tambayi lauya abu uku: an biya kuɗin haɗa kundi, an aika, mece ce lambar afil ɗin? In babu lamba, kundin bai isa ba, sai a nemi ƙarin lokacin aikawa kafin abokin shari'a ya riga ku neman a kori ƙarar. Korar da aka yi saboda rashin shigar da rubutacciyar hujja ta fi muni, domin kotuna sun sha ɗaukar ta a matsayin ta ƙarshe.

Tambaya: Na nemi diyyar naira miliyan biyar, kotu ta ba ni miliyan biyu. Na haƙura, sai ga shi wanda na kai ƙara ya yi afil ana saura kwana huɗu wa'adi ya cika. Zan iya neman cikon nawa a can? Daga wani ɗan kwangila, Toro.

Amsa: Sai ka shigar da naka afil ɗin na martani, kuma wa'adinsa daga ranar hukunci yake farawa, ba daga ranar da takardarsa ta same ka ba. In wata ukun sun cika, ka nemi ƙarin lokaci, ka bayyana a rantsuwa ranar da aka kawo maka sanarwarsa. 

Tambaya: Daga Jos zuwa Kotun Ƙoli fa? Kuma shari'ar fidda gwani ta jam'iyya ita ma wata uku ce? Daga wani ɗalibin shari'a, Yelwa.

Amsa: Sashe na 27 na Dokar Kotun Ƙoli ya maimaita lissafin: wata uku ga hukuncin ƙarshe, kwana 14 ga na tsakiyar shari'a. Bambancin shi ne a wannan mataki duk dalilin da ba tsantsar doka ba sai da izini, kuma izinin cikin wata ukun ake samunsa. Ƙarar da ta fito daga kotun ma'aikata kuwa, ta sallama daga aiki ko haƙƙin fansho, a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa.

Shari'un kafin zaɓe dabam suke. Sashe na 285 na kundin tsarin mulki ya ba da kwana 14 na shigar da ƙara daga ranar da abin ya faru, kwana 14 na ɗaukaka ta daga ranar hukunci, sannan kotun sama ta gama cikin kwana 60. Tunda kundin ne da kansa ya yanka waɗannan kwanaki, babu kotun da ke da ikon ƙara su, komai ƙarfin uzurin mai nema.